Maganin Nawar Kwamfuta A Ofis Da Makaranta

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin gwamnati da safe ya san wannan al'ada. Akawu zai iso, ya ajiye jakarsa, ya danna maɓallin kunna kwamfuta, sa'an nan ya fita zagayen gaishe-gaishe. Ya gaisa da masinja, ya leƙa ofishin da ke kusa ya tambayi lafiyar iyali, wataƙila ma ya tsaya wurin mai shayi, amma da ya komo sai ya tarar har yanzu na'urar ba ta gama farkawa ba. In ya nemi buɗe wasiƙar da ya buga jiya, sai ta ƙara cin wasu mintoci. A bakin ƙofa kuwa ga wani dattijo nan a kan benci, wanda ya taso daga ƙauye tun asuba a kan maganar fanshonsa, yana jira.

Haka abin yake ga ɗalibai. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatunsa, wanda ya yi sa'a aka kawo wuta da ƙarfe goma na dare, ba ya da lokacin da zai ɓata yana kallon na'ura tana tunani. Tun da Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS cikin 2007, kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta cikin 2015, wannan na'ura ta zama abin da albashin ma'aikaci da makomar ɗalibi suka rataya a kansa.

Abin da aka fi yi idan nawa ta yi yawa shi ne a yanke hukunci cewa kwamfutar ta tsufa. A ofis sai a rubuta takarda a nemi sabuwa, tsohuwar kuma a kai ta sito ta haɗu da 'yan'uwanta. Ɗalibi kuwa sai ya shiga matsa wa mahaifinsa. Alhali kuwa sau da yawa abin da ke damun na'urar rashin kulawa ne kawai, kuma yawancin maganinsa ba ya cin ko kwabo.

Ni kaina na taɓa faɗawa cikin wannan kuskure. Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake rubuta rahotanni da ita ta kai matsayin da na fara tambayar farashin wata. Da na kai ta wurin mai gyara ya kwance bayanta, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa. Ya share, ya kashe wasu manhajoji da ban ma san suna aiki ba, kuma da ita nake rubuta wannan bayani.

Akawu, tebur da kabad

Kafin a yi magani, ya kamata mai karatu ya fahimci sassa uku da aikin kwamfuta ya dogara a kansu. Misalin ofis ya isa ya bayyana su. Na farko shi ne furosesa, watau akawun da ke yin lissafi da zartar da umurni. Na biyu shi ne RAM, watau teburin da akawun ke baza takardun da yake aiki a kansu a wannan lokaci, wanda ake kwashe kome daga kansa da zarar an kashe na'ura. Na uku shi ne faifan ajiya, watau kabad ɗin da ake adana fayiloli har sai an neme su.

In akawu ya jigata da zafi, aiki zai yi sanyi. In tebur ya cika, dole ya riƙa tashi yana kai takarda kabad yana ɗauko wata, kuma wannan zirga-zirga ita ce babbar mai cin lokaci. In kabad ɗin kansa ya cika maƙil ko ƙofarsa tana cijewa, kome zai tsaya. Kusan duk wata nawar kwamfuta daga ɗayan waɗannan wurare uku take tasowa.

A manhajar Windows, wadda ita ce aka fi amfani da ita a ofisoshinmu da makarantunmu, akwai hanya mai sauƙi ta gano inda ciwon yake. A danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, sai wani allo mai suna Task Manager ya buɗe. A nan za a ga kashi nawa cikin 100 na ƙarfin furosesa da RAM da faifai ake ci, da kuma sunan manhajar da ke ci. Wanda aka ga ya tsaya kusa da 100 alhali ba wani aiki mai nauyi ake yi ba, to a nan matsalar take.

Ƙurar hunturu da zafin bazara

Furosesa yana fitar da zafi sosai yayin da yake aiki, shi ya sa aka ɗora masa ƙarfe mai zuƙe zafi da kuma fanka mai hura iska. Masu ƙera shi sun tsara shi yadda in zafinsa ya doshi digiri 100, zai rage gudun kansa don kada ya ƙone, in abin ya ƙi kuma ya kashe na'urar ɗungurungum. Saboda haka kwamfutar da take da sauri da safe amma ta yi laushi da azahar, fankarta na ta ƙugi, zafi ne ya dame ta.

A wannan fanni mu a ƙasar Hausa muna da aiki fiye da mutanen ƙasashen da ake ƙera waɗannan na'urori. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta a kan Maiduguri da Kano da Damagaram da Sakkwato. Ƙurar nan mai laushi ce ƙwarai, fanka kuwa zuƙo ta take yi. Da hunturu ya wuce sai bazara ta shigo da zafin da kan haura digiri 40 cikin Afrilu, ta tarar da hanyoyin iska duk a toshe.

Maganin shi ne shara. A kashe kwamfuta, a zare ta daga wuta, a fita da ita waje, a hure ramukan iska da bulowa ko ƙaramin famfon iska, a bi da busasshen buroshi mai laushi. A tare fankar da tsinke don kada iska ta juya ta fiye da kima. Kada a hura da baki saboda danshi, kada kuma a sa jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Kwamfutar tebur tana da sauƙin buɗewa ta gefe, amma ta tafi-da-gidanka gara a bar wa wanda ya iya, shi ne kuma zai sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, domin yakan bushe bayan 'yan shekaru. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kankama.

Ɗalibai kuma su lura, ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo ko darduma yana toshe ramukan da ke ƙarƙashinta. A nemi tebur ko faffaɗan katako. A ofis kuwa, a ɗaga kwamfutar tebur daga ƙasa inda tsintsiya ke tura mata ƙura, a kuma lulluɓe ta da zane bayan an tashi aiki, amma sai an kashe ta tukuna.

Baƙin da ba a gayyata ba

Dalili na biyu shi ne manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna na'ura. Yawancin manhajoji, ranar da aka sa su, sukan rubuta sunansu cikin jerin masu tashi tare da Windows ba tare da sun nemi izini a fili ba. Bayan shekara biyu ko uku sai a tarar da goma ko ashirin suna rububin tebur tun akawu bai zauna ba. Wannan shi ne asalin dogon jiran nan na safe.

Tun daga Windows 8, wadda ta fito cikin 2012, jerin nan yana cikin Task Manager ƙarƙashin sashen Startup, har da bayanin nauyin da kowace manhaja ke ɗora wa na'ura. A kashe duk wadda ba a bukata da sassafe. Kashe ta a nan bai goge ta ba, tana nan za a iya buɗe ta duk lokacin da aka so. A bar manhajar tsaro da masu kula da sauti da makamantansu. Wadda kuwa aka shekara ba a taɓa ba, a cire ta gaba ɗaya ta hanyar Settings.

Har ila yau burauza, watau manhajar shiga intanet irin su Chrome da Edge da Firefox, tana cikin manyan masu cin RAM. Kowane shafi da aka bari a buɗe yana riƙe da nasa rabo na tebur. Mai kwamfutar da RAM ɗinta gigabait 4 ne, in ya buɗe shafi ashirin, shi ya jawo wa kansa.

Kabad ya cika

Windows tana bukatar fili a faifai domin ajiye takardun wucin gadi da kuma sauke abin da tebur ya kasa ɗauka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na faifai ba kome. In aka buɗe This PC aka ga layin faifan C ya koma ja, to an makara.

Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne foldar Downloads, inda takarda ɗaya kan kwanta sau biyar, sai kwandon shara, domin fayil ɗin da aka goge yana nan yana cin wuri har sai an zubar da kwandon. Sai finafinai da hotunan biki, waɗanda ba su da dalilin zama a kwamfutar ofis tun farko. Windows tana da masu shara nata na kyauta, watau Disk Cleanup da kuma Storage Sense, wanda in an kunna shi zai riƙa yin aikin da kansa.

Tsofaffin ma'aikata za su tuna da aikin tattara fayilolin da suka warwatse a faifai, wanda a da akan zauna a yi da hannu. Yanzu Windows tana yinsa da kanta mako-mako, abin da ya rage ga mai na'ura shi ne ya tabbata ba a kashe tsarin ba. Sabon nau'in faifai mai suna SSD kuwa ba ya bukatar a tilasta masa wannan aiki, Windows ta san irin kulawar da ta dace da shi.

Sake kunnawa da sabuntawa

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A Windows ta zamani, in aka danna Shut down, na'urar takan adana wani sashe na halin da take ciki don ta yi saurin tashi gobe, saboda haka 'yan matsalolin jiya sukan kwana su tashi tare da ita. Danna Restart ne ke share tebur tas. Wanda ya saba rufe murfin kwamfuta kawai ya sa ta a jaka, ya daure ya riƙa yin Restart ko da sau ɗaya a mako.

Game da sabuntawa kuma, kamfanin Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Da yawa daga cikinmu mukan hana su sauka don tsoron cin data. Abin da ya faru cikin watan Mayu na 2017 ya isa darasi. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaici shi ne Microsoft ta riga ta fitar da maganin wannan ɓaraka tun cikin watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci ba su sauke shi ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗalibin da data ke yi wa tsada ya nemi intanet na makaranta sau ɗaya a wata ya yi wannan aiki.

Cuta da magungunan jabu

Mugayen manhajoji suna jawo nawa domin suna aiki a ɓoye da ƙarfin na'urar. A wurinmu babbar hanyar yaɗuwarsu ita ce filash da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, sai kuma manhajojin sata da ake saukewa kyauta. Kowa ya san cutar nan da ke ɓoye fayilolin filash ta bar hotunansu kawai. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai tsaronsu, Microsoft Defender, wanda ya wadatar ga yawancin mutane muddin ana sabunta shi. A sa shi ya binciki na'ura gaba ɗaya sau ɗaya a wata, a kuma binciki kowane filash kafin a buɗe. Tara manhajojin tsaro biyu ko uku a na'ura ɗaya kuwa ƙara nawa yake yi, domin sai su shiga binciken juna.

A yi hattara kuma da tallace-tallacen da kan faɗo a fuskar kwamfuta suna cewa an gano ɗaruruwan kurakurai, a danna nan a gyara. Mafi yawansu neman kuɗi ne, wasu ma su ne cutar. Duk sharar da suke alkawari, Windows tana da kayan yinta kyauta.

Wutar lantarki

Ɗaukewar wuta yayin da faifai ke tsakiyar rubutu tana lalata fayiloli, wani lokaci har da na Windows kanta, kuma hawa da saukar wutar janareta suna gajiyar da sassan na'ura. Kwamfutar tebur tana bukatar UPS, watau akwatin batir da zai riƙe ta na 'yan mintoci har a adana aiki a kashe ta cikin natsuwa. Ga ta tafi-da-gidanka, a sani cewa tsarin tsimin batir yana rage gudun furosesa da gangan, kuma wasu kwamfutoci sukan rage gudu in an sa musu cajar da ba ta kai ƙarfinsu ba. Araha ba ta ado. Batirin da ya kumbura kuwa a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kama wuta.

Inda ya kamata a kashe kuɗi

In an yi duk wannan nawa ba ta tafi ba, saura abu biyu kafin a yi maganar sabuwa. Tsohon nau'in faifai yana da faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani hannu mai bin sa yana karatu. SSD ba shi da abin da ke motsi. Inda tsohon ke karanta megabait 100 da 'yan kai a daƙiƙa, SSD na talakawa yana kaiwa wajen 500, wajen nemo ƙananan fayiloli kuwa ratar ta fi haka nesa. Kwamfutar da ke cin minti uku kafin ta tashi takan koma tashi cikin ƙasa da rabin minti. Babu wani canji da ya kai wannan amfani ga tsohuwar na'ura. Na biyu shi ne ƙara RAM daga gigabait 4 zuwa 8, sai dai a bincika tukuna, domin a wasu siraran kwamfutoci an like ta ba ta ciruwa. Ana samun waɗannan kaya a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja, kuma kuɗinsu bai kusa da na sabuwar kwamfuta ba.

Kafin a taɓa kome, wajibi ne a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje ko ma'ajiyar intanet. Faifan da ya fara ƙara ƙas-ƙas, ko fayiloli suka fara ƙin buɗewa a kansa, yana ban kwana ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikaci kuma ya tuna cewa kwamfutar ofis tana ɗauke da bayanan jama'a, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa hukumomi alhakin tsarewa. Ba daidai ba ne a ɗauke ta a kai kasuwa. Sashen kula da na'urori na ma'aikata shi ne mai wannan aiki.

Akwai iyakar da gyara ba ya wucewa, kuma gaskiya ce a faɗe ta. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda hukumomi ke biya kuma ba ya wuce shekara uku. Windows 11, wadda ta fito cikin 2021, tana neman aƙalla RAM gigabait 4, faifai gigabait 64, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ba ta karɓar yawancin furosesan da aka ƙera kafin 2017. Duk da haka na'urar da ta kasa cika waɗannan sharuɗɗa ba ta mutu ba. Ana iya sa mata Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne, ta ci gaba da buga takardu da shiga intanet a ɗakin karatu na makaranta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa cikin 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka sake sarrafawa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Bai kamata mu ƙara wa wannan juji da na'urori masu sauran rai ba.

Kira ga shugabannin ofisoshi

Aikin duka ba shi da yawa in an raba shi. Kowane mako a yi Restart, a zubar da kwandon shara, a kwafe sababbin fayiloli. Kowane wata a sauke gyare-gyare, a binciki cuta, a duba filin da ya rage a faifai. Kowane wata uku a leƙa jerin manhajojin da ke tashi da kansu. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a share ƙura.

Motar gwamnati tana da littafin da ake rubuta ranar juye mata mai, da direban da za a tuhuma in injin ya buga. Ya kamata manyan sakatarori da daraktoci da shugabannin makarantu su yi wa kwamfuta irin wannan tsari: kowace na'ura da katinta, da sunan mai kula da ita, da ranar da aka share ta. Kafin kuma a sa hannu a kan takardar sayen sababbi, a tura ma'aikacin da ya san aikin ya buɗe sito ya gwada waɗanda ke jibge a ciki, ya rubuto nawa ne SSD da shara za su tayar. Kuɗin da za a saya da su na jama'a ne, kuma dattijon nan da ke kan benci yana cikin masu shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.